Hawan keke don ciwon da ya ɗauke Inna: in janye ko in ci gaba?

Assalamu alaikum Kawu. Ni malamin sakandare ne a Birnin Kebbi, ina da shekara 44. Shekara biyu ke nan da Allah ya yi wa Innarmu rasuwa sakamakon sankarar mama, bayan mun shafe wata 11 muna kai da komo tsakanin gida da Sakkwato. Kwanan baya wasu matasan likitoci da masu sha'awar hawan keke suka shirya tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a dawo, a farkon watan Fabrairu, domin tara kuɗin bincike a kan ciwon daji, kuma kowane mahayi zai nemo aƙalla naira 150,000 daga dangi da abokan arziki. Na ba da sunana, na kuma sa sanarwa tare da hoton Inna a zauren WhatsApp na danginmu. A daren ranar Yaya babba ya kira ni ya ce: "Wanga abu roƙo na, kuma riya ta. Mi kaka nema bisa titi da gajeren wando, kai da ɗiyanka sun girma? In sadaka kaka so ka yi ma Inna, a gina rijiya a yi shiru." Maiɗakina kuma ta tuna mini cewa maƙwabciyarmu tana kwance da irin wannan ciwo, ta rasa kuɗin ruwan kemo (maganin daji da ake ƙara wa mutum ta jijiya) na uku, ta ce wane bincike ne ya fi ran wannan baiwar Allah. Ga shi ina shan maganin hawan jini, kuma rabona da keke tun ina ɗalibi. Mutum 9 sun riga sun turo naira 62,000 cikin asusuna, saura mako 12 a yi tafiyar. In janye ko in ci gaba?

Wani malami daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar da ta sha ta zame mata kaffara, ya ba ku ladan wata 11 da kuka yi a kan hanyar Sakkwato. Amsata ita ce kada ka janye, amma kada ka ƙara karɓar ko naira ɗaya daga hannun kowa sai ka iya faɗa wa mai bayarwa, ido da ido, inda kuɗinsa za su sauka. Ka jero mini damuwa huɗu, kuma wadda ka ajiye a ƙarshen wasiƙa kamar ƙarin bayani ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin kilomita 100 a kan keke ciwon cinya ne na kwana uku, ita kuwa amanar kuɗin mutane takan bi mutum shekara da shekaru.

Na faɗi haka ne domin na taɓa ɗanɗanawa. Lokacin da nake ma'aikacin lafiya a karkara, ina yawon rigakafi ƙauye-ƙauye a kan wani tsohon keke Raleigh, an taɓa kafa kwamiti domin gyara rufin wani ɗakin shan magani, aka ɗora mini tattara gudummawar ƙauyuka uku saboda mutanen wurin sun san fuskata. Na tattara, na miƙa wa kwamiti ba tare da na nemi ko guntuwar takarda ba, domin a ganina neman rasit daga manya rashin kunya ne. Damina biyu ta wuce rufin yana yoyo, kwamitin ya watse, kuɗi suka bi ruwa. Ban ci ko sisi ba, amma ni aka damƙa wa, kuma har wani dattijo a cikinsu ya koma ga Allah, duk ranar da muka gaisa a kasuwa ina ganin tambayar nan a idonsa. Mutum 9 da suka turo maka kuɗi ba su san likitocin nan ba. Kai suka sani, kuma darajar Inna suka duba.

Saboda haka a cikin makon nan ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar da ranar da ya bayar, sannan ka raba naira 62,000 ɗin da albashinka, domin kuɗin da ke zaune a asusun albashi ba su cika ganin ƙarshen wata ba ko da mai asusun waliyyi ne. Daga nan ka nemi masu shirya tafiyar ka zauna da su. Ka tambaye su ko ƙungiyarsu tana da rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ko asusun da za a tara kuɗin yana ɗauke da sunan ƙungiya, kuma mutum nawa ne suke sa hannu kafin a cire. Ka tambayi nawa za a kashe a kan riguna da ruwan sha da man mota da rumfa da lasifika, kuma daga aljihun wa. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wane bincike ne takamaimai, wane likita ne zai jagorance shi, a wane asibiti, kuma ko kwamitin da ke tantance bincike a kan ɗan Adam a asibitin ya amince da shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, hasali ma daɗi suke yi masa. Idan aka ce maka sai an tara kuɗin tukuna za a san abin da za a yi da su, to ka mayar wa mutum 9 ɗin nan kuɗinsu tare da godiya.

Wannan al'ada ta hawan keke domin tara kuɗin bincike ta yi ƙarfi a Amurka, kuma yana da kyau ka san abin da ya riƙe ta. Mafi shahara a cikinsu ita ce Pan-Mass Challenge, wadda wani mutum mai suna Billy Starr ya fara a shekarar 1980 bayan ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarsa, wato dai irin halin da kake ciki. A shekarar farko mahaya 36 ne suka fito, suka tara dala 10,200, amma zuwa 2024 jimillar abin da suka miƙa wa cibiyar bincike da jinyar ciwon daji ta Dana-Farber da ke Boston ta haura dala biliyan ɗaya. Tsarinsu a yau shi ne duk abin da mahayi ya karɓo daga jama'a yana tafiya cibiyar cif-cif, hidimar taron kuwa kamfanoni masu ɗaukar nauyi da kuɗin rajistar mahaya ne suke biya. Mutum ya san asibitin da kuɗinsa za su je tun kafin ya zaro su daga aljihu. Ka kai wa matasan nan wannan labari, ka ce su kwaikwayi wannan ɓangare kafin su kwaikwayi riguna masu launi.

Sai maganar maiɗakinka, wadda a ganina ta fi ta kowa ƙarfi a cikin wasiƙar, kuma bai kamata ka amsa mata da ɗaga murya ba. Mu fara da lissafi na gaskiya. A ce mahaya 40 suka fito, kowa ya cika alkawarinsa, an tara naira miliyan 6 ke nan, kuma babu wanda zai gano sabon maganin daji da naira miliyan 6. Duk wanda ya ce maka haka yana sayar maka da iska ne. To amma bincike bai tsaya ga ƙirƙiro magani a ɗakin gwaje-gwaje na Turai ba, kuma tarihin wannan ciwo a Afirka ya nuna cewa ƙaramin aiki da aka yi da lura yana iya kai wa nesa. A shekarar 1958 wani likitan fiɗa a Kamfala ta ƙasar Yuganda, Denis Burkitt, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da yake kashe yara. Da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba ya buga takardu masu hoto ya aika asibitocin Afirka yana tambaya ko suna ganin irinsa, sannan a 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga tsohuwar mota suka zagaya asibitoci fiye da 50 suna rubuta inda ciwon yake da inda babu shi. Taswirar da suka zana ta nuna cewa ciwon yana bin wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma daga tsokar da ya aika Landan ne aka gano, a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. A nan gida Nijeriya, a Ibadan, Farfesa Victor Ngu ɗan ƙasar Kamaru yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana narkar da wannan kumburi, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci a 1972. Mota ce da littafin rubutu da naci suka fara wannan aiki.

Irin wannan ne kuɗinku za su iya yi, kuma muna da buƙatarsa matuƙa. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa fiye da mutum 120,000 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka rasu, kuma sankarar mama ce a kan gaba. Amma ƙiyasi ne, an gina shi a kan rajistar wasu 'yan birane, alhali matar da ta rasu a wani ƙauye na Bunza ko Augie ba tare da ta taɓa taka asibiti ba babu littafin da ya san da ita. Albashin ma'aikaci ɗaya da zai zauna ya rubuta kowane mai ciwo da aka gani, da irin ciwonsa, da matakin da ya zo da shi, sannan ya riƙa buga waya yana bin sawun waɗanda suka daina zuwa domin a san dalili, bincike ne na haƙiƙa, kuma naira miliyan 6 za ta iya ɗaukarsa na wani lokaci.

Akwai kuma abin da ya shafi Inna kai tsaye. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Wata tana rayuwa ne a kan sinadarin mata da jiki yake samarwa, kuma ita ƙwayar tamoksifen mai sauƙin kuɗi tana yi mata aiki. Wata tana da wata alama dabam da ke buƙatar allura mai tsada. Wata kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin, sai kemo. Ba a sanin wacce ce sai an yanki 'yar tsoka an yi mata gwaji na musamman, kuma mata da yawa a wajenmu ana yi musu magani ba tare da wannan gwaji ba saboda tsadarsa. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta tsakanin Ibadan da Shikago ya nuna cewa matan Afirka ta Yamma sun fi kamuwa da wuri, kuma nau'in da ya fi zafi ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da Turawa. Da likitocin nan za su ce da kuɗinku za a yi wa matan Kebbi kaza wannan gwaji kyauta a rubuta sakamakon, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin kowace mace ta sami maganin da ya dace da ita, likitoci kuma sun san irin ciwon da ke ƙasarmu. Wannan ce irin amsar da nake so ka dawo da ita daga zamanku. Idan kuma maiɗakinka tana son ganin ɗan bincike da idonta, ta dubi allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun watan Oktoba na 2023. Ta samo asali ne daga aikin wani Bajamushe, Harald zur Hausen, wanda ya shafe shekaru yana nacin cewa wata ƙwayar bairos mai suna HPV ce ke haddasa ciwon a lokacin da yawancin masana ba su yarda ba. Idan kuna da 'ya a cikin waɗannan shekaru, ku kai ta.

Duk da haka maƙwabciyarku ba za ta jira sakamakon bincike ba. Ruwan kemo ana sa shi ne a kan ƙa'ida, galibi bayan kowane mako uku, kuma idan aka tsallake lokaci ciwon yana samun sararin farfaɗowa, saboda haka tata matsalar ta wannan mako ce, taka tafiyar kuwa ta Fabrairu ce. Abin da ba ka da ikon yi shi ne ka ɗebi naira 62,000 ɗin nan ka ba ta a kan ra'ayin kanka, domin masu su sun bayar ne da wata niyya, kuma sauya niyyar mutum ba da saninsa ba cin amana ne ko da zuciyarka fara ce. Abin da kake da ikon yi ya fi wannan yawa. Ka buɗe mata nata shafin a cikin littafin nan, da izininta da na mijinta, ka bi maƙwabta da masallacin unguwa, ka fara da naka aljihun. A nan ma akwai wata fa'ida ta fiƙihu: zakka tana da mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma matalauciya marar lafiya tana cikinsu babu ja, alhali malamai da yawa ba sa ganin asusun bincike a matsayin wurin zuba zakka. Don haka mai son fitar da zakka ka nuna masa ƙofar maƙwabciya, mai sadakar ganin dama kuma ka ba shi zaɓi. Ka kuma raka mijinta ofishin kula da jin daɗin marasa lafiya na asibitin da ake duba ta, ku tambayi yadda ake shiga asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta firostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin shida na farko da aka fara da su. Cike takardun yana da wahala ga wanda bai yi boko ba, kai kuwa malami ne.

Yanzu mu zo kan Yaya. Na karanta maganarsa sau uku, kuma ina zaton roƙo da riya da gajeren wando duk mayafi ne, abin da ke ƙarƙashi shi ne hoton. Ka ɗauki fuskar mahaifiyarku ka haɗa ta da sunan ciwon da ya kama wani sashe na jikinta da ɗa ba ya ambata, ka sa a zauren da surukai da jikoki suke gani, ba tare da ka shawarci wanda ya zama uba a gidan ba. Wataƙila ita kanta Inna ta ɓoye ciwon watanni kafin ta faɗa, kamar yadda yawancin iyayenmu mata suke yi, kuma wataƙila Yaya ne ya fara ji daga bakinta. A wurinsa ka tona abin da ta rufe. A wannan gaɓa shi ne da gaskiya, kuma gyaran ba ya yiwuwa ta waya. Ka cire hoton yau, sannan ka je gidansa bayan sallar isha'i ko ranar Juma'a da yamma, ka zauna ƙasa, ka ce ka yi kuskure da ba ka fara zuwa wurinsa ba. Kada ka tafi da hujjoji a baki a wannan zama na farko.

Idan ya huce, hujjojin suna nan. Mai bara kansa yake nema wa, shi kuwa wanda ya tashi a masallaci ya ce a taimaka a gyara maƙabarta babu mai kiransa almajiri, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya sha tsayawa a gaban sahabbai ya nemi a kawo gudummawa domin mabukata. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, ta ce wadda aka ɓoye aka ba matalauta ta fi alheri, ba ta haramta ta farko ba. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa za ta amfane ta, ya ba da gonarsa. Kuma hadisi ya tabbata a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, wanda ke nuna cewa neman maganin aiki ne na halal mai lada. Ita riya a zuci take zaune, babu mai ganinta daga waje, amma akwai ma'auni mai sauƙi da za ka auna kanka: da za a ce babu mai ɗaukar hoto a ranar, babu mai ambaton sunanka, za ka hau? Rijiyar da Yaya ya kawo kuwa shawara ce mai kyau, kada ka mai da ita abokiyar gaba. Ka ce masa kana ciki, ka sa naka kason, shi ya jagoranci wannan, kai ya sa maka albarka a waccan.

Akwai abu guda da zan so ka faɗa masa a hankali, domin shi ne dalilin da ya sa nake ganin fitowa fili tana da amfanin da rijiya ba ta da shi. Shirun nan da muke yi yana cikin abin da ke kashe matanmu. Mace takan ji ƙullutu a mama ta yi wata shida tana shafa magani, a ce mata daji ba ya son ƙarfe, kada ta yarda a taɓa shi da allura ko wuƙa, mai lasifika a kasuwar mako ya sayar mata da garin da ya ce yana maganin cuta arba'in, ba za a kai ta asibiti ba sai wurin ya fashe yana wari, a lokacin da likita ba shi da abin yi sai rage raɗaɗi. Daga nan sai a ce ai asibiti ba ta iya daji, wata ma ta ƙi zuwa. Na ga wannan da idona fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Magidanta 40 a kan keke suna ratsa garuruwa, suna tsayawa ƙofar hakimi wata ma'aikaciyar jinya tana yi wa mata bayani a cikin gida, suna iya sa mace ɗaya ta faɗa wa mijinta abin da take ɓoyewa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Kebbi. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta shafe shekaru tana wannan kira ta gidauniyarta ta Medicaid, har da tattakin da suke yi duk shekara a Abuja, kuma a 2024 aka zaɓe ta ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya da ke Janiba, karo na farko ga wani ɗan Afirka. Batun wando kuwa ba ya buƙatar dogon zance: ka sa gajeren wandon mahaya mai soso daga ciki, ka ɗora dogon wando sakakke a kai, ka ɗaure ƙafar dama da roba kada sarƙa ta kama.

Saura jikinka. Kafin ka taka feda ka je wurin likitan da ke ba ka maganin hawan jini, ka faɗa masa nisan tafiyar, ya auna ka, ya duba zuciya idan ya ga dama, ya kuma faɗa maka ko maganinka yana cikin masu sa yawan fitsari, domin irinsu suna ƙara ƙishirwa a kan hanya. Kada ka rage ko ka daina magani da kanka don ka ga jini ya sauka. Idan ya ba ka izini, ka tuna ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mako 12 sun isa idan ba ka yi wasa da su ba. Ka fara da kilomita 5 zuwa 8 bayan sallar asuba, sau uku a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ka ware Asabar domin tafiya mai nisa. Ranar da ka je Kalgo ka dawo ba tare da ka kwanta yini guda ba, ka san ka kama hanya. Mako biyu kafin ranar ya kamata a ce ka taɓa yin kilomita 70 a zama ɗaya, makon ƙarshe kuwa na hutu ne. Gudun da ya dace da kai shi ne wanda za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke ba, kuma idan ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko gani ya dushe, ka sauka nan take, ba a jarumta da wannan.

Ka kai keken wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da taya, ya ɗaga sirdi yadda idan ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa ƙafarka za ta miƙe, domin gajeren sirdi shi ke cin gwiwar masu shekarunka. Ka koyi yin faci da hannunka, ka riƙa tafiya da famfo da tib na ajiya. Hunturu yana da yaudara: iska takan busar da gumi kafin ka ji shi, sai mutum ya ƙafe bai sani ba, don haka ka sha gora ɗaya kowace awa ko ba ka jin ƙishi, ka riƙe dabino da ayaba a aljihu. Ka yi lissafin lokaci kuma, domin mai tafiyar kilomita 15 a awa zai shafe kusan awa 7 a kan kilomita 100, wato wanda ya tashi da sanyin safe zai dawo ne cikin ranar azahar. Hazo yana rage wa direbobin manyan motoci gani, saboda haka hular kwano da riga mai haske wajibi ne, kuma cikin tambayoyin da za ka yi wa masu shiri ka haɗa da ko sun sanar da jami'an kiyaye haɗurra da na tsaro, ko akwai mota mai bin baya da ma'aikacin lafiya a ciki, da kuma tabbacin cewa babu wanda magariba za ta riska a hanya. Idan mako 10 suka cika ka ga zuwa da dawowa ya fi ƙarfinka, ka hau zuwa Argungu kawai ka dawo a mota, amma ka sanar da masu ba ka gudummawa tun kafin ranar.

Idan ka zauna da matasan nan suka ba ka sunan binciken da na asibitin a rubuce, ka sake rubuto mini tare da lambar asusun ƙungiyar, akwai naira 5,000 da na ware daga fanshon wannan wata. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata na ji maganarta, kuma ina jiran labarin ranar da aka sa wa maƙwabciyarku ruwa na uku.

Naka,
Kawu